PARASITE: ZUZUTA SHI AKA YI, KO MU NE BA MU GANE BA?

  

Waɗanda suka zo taron wata na Lahadin da ta gabata sun san abin da ya biyo bayan addu'ar rufewa. Ruwa ya tsuge kamar da bakin ƙwarya, titi ya cika, babu halin tafiya. Sai matasanmu suka roƙi Shugaba ya bar su su haska fim a bangon ofis kafin ruwan ya tsagaita. Muka ɗauka na Indiya ne ko na Kano, sai ga mutanen Koriya. Wani ɗalibi daga cikinmu ya tsaya gefen bango yana karanta Turancin da ke fitowa a ƙasa, yana mayar wa dattawa da Hausa. Wuri ɗaya muka sa aka tura gaba don bai dace a kalle shi tare da manya ba, wanda zai nema ya kalla a gida ya san da wannan. Ruwa ya ɗauke tun fim bai kai rabi ba, amma ba wanda ya tashi. Da aka gama sai musu ya kaure, daga ofis ya koma zauren WhatsApp, aka kwana uku ana yi, har wani ya yi fushi ya fice sai da aka lallaso shi. Shi ne Shugaba ya ce ofishin Sakatare ya tattara abin da aka faɗa, ya kuma faɗi inda muka tsaya. Wannan ba rahoton taro ba ne, kada a neme shi a littafin ƙungiya.

Ga wanda bai zo ba, sunan fim ɗin Parasite. A Hausa za mu ce kaska, ko kauci da ke fitowa a jikin bishiya yana shan ruwanta, ko kuma cima-zaune idan mutum ake nufi. Wani darakta ɗan Koriya ta Kudu mai suna Bong Joon-ho ne ya shirya shi, ya fito a 2019, tsawonsa awa 2 da minti 12. A watan Mayun 2019 ya ci babbar kyautar bikin finafinai na Cannes a Faransa, karon farko da fim ɗin Koriya ya ci ta. A watan Fabrairun 2020 kuma ya kwashe kyautar Oscar guda 4 a Amurka, ciki har da ta gwarzon fim na shekara, wadda fim ɗin da ba na Turanci ba bai taɓa samu ba kafin shi. Har Donald Trump, yana shugaban Amurka a lokacin, sai da ya yi ƙorafi a wajen wani gangami kan yadda aka ba fim ɗin Koriya wannan kyauta. To ashe musun da muka yi ba mu muka fara shi ba.

Dole mu ba da labarin kafin mu yi hukunci, saboda haka wanda ba ya so a ɓata masa kallo ya dakata a nan. Iyali biyu ne a birnin Seoul. Iyalin Kim su huɗu ne, uba da uwa da saurayi da budurwa, ba mai aikin yi. Gidansu rabinsa a cikin ƙasa yake, tagarsu daidai take da ƙafar masu wucewa, mashaya na fitsari a bakinta. Naɗe kwalayen fiza suke yi a biya su, intanet kuwa ta maƙwabta suke sata. Iyalin Park su ma huɗu ne, maigidan shugaban kamfanin fasaha ne, gidansa na kan tudu, da fili da ciyawa da katafariyar taga. Wani aboki ya haɗa saurayin gidan Kim da aikin koya wa 'yar gidan Park Turanci, ƙanwarsa ta buga masa takardar jami'a ta bogi. Da ya samu shiga sai ya jawo ƙanwar a matsayin malamar zane, ba tare da ya ce 'yar uwarsa ce ba. Ita kuma ta ƙulla wa direban gidan sharri aka kore shi, ubansu ya karɓi mota. Sai suka koma kan mai aikin gidan, wadda ta riga masu gidan kansu zama a cikinsa. Suka gano jikinta ba ya jure wani ɗan itace, suka riƙa barbaɗa mata gashin bayansa tana tari, suka ce wa Madam tarin tibi ne. Aka sallame ta, uwarsu ta maye gurbinta.

Wani dare masu gida suka tafi shaƙatawa, su Kim suka baje a falo suna ci suna sha. Ana ruwa sai ga tsohuwar mai aikin tana buga ƙofa, wai ta yi mantuwa. Ashe akwai ɓoyayyen ɗaki a can ƙarƙashin gidan wanda masu gidan ma ba su san da shi ba, kuma mijinta na ciki sama da shekara 4, yana ɓuya daga masu binsa bashi bayan shagonsa na kek ya karye. Daga wannan dare komai ya juye. Washegari, a wajen bikin zagayowar haihuwar ƙaramin yaron gidan, mutumin ƙarƙashin ƙasa ya fito da wuƙa bayan matarsa ta mutu, ya fasa wa saurayin kai da dutse, ya soke budurwar. Baba Kim kuma ya soke Oga Park, ya gudu ya shige wancan ɗakin na ƙasa ya ci gaba da zama.

Yanzu ga hujjojin masu cewa zuzuta shi kawai aka yi, kuma ba mu raina ko ɗaya ba. Ma'ajinmu ne jagoransu. Ya ce shi tun yana yaro yake kallon fim, ya san fim na kirki da jarumin da za ka bi da zuciya, da mugun da za ka ƙi, da ƙarshen da gaskiya za ta yi halinta. A nan kuwa wa za ka so? Talakawan maƙaryata ne, sun raba bayin Allah biyu da abincinsu ba su yi musu komai ba. Masu kuɗin ba su zagi kowa ba, ba su hana kowa albashi ba, amma maigidan ne ya mutu ya bar marayu. Ya ce talauci ba lasisin ƙarya ba ne, kakanninmu sun yi talauci da mutuncinsu. Wani malamin makaranta a cikinmu ya ƙara da cewa labarin ya yi sauƙin ƙulluwa da yawa. Wane attajiri ne zai ɗauki mutum huɗu a jere bai bincika ba? A nan Legas ko gadin shago za ka yi sai ka kawo mai tsaya maka, da hoto, da lambar waya. Kuma wai mutum ya shekara 4 a ƙarƙashin gida yana satar abinci da dare ba a gane ba, wannan sai a fim.

Hujja ta uku ta fi nauyi, kuma daga bakin wani matashin direba ta fito. Ya ce irin wannan fim ba talaka ne ke kallonsa ba, su Oga ne ke kallonsa a falo mai sanyi. In sun gama me za su ɗauka? Za su ɗauka direba da mai aiki da maigadi duk baki ɗaya suke, jira kawai suke maigida ya juya baya. Ya ce mu da muke cin abinci da amana a gidajen mutane, wannan fim bai yi mana gata ba. Ya ƙara da cewa waɗanda suka ba shi kyauta attajirai ne masu direbobi da masu aiki, sun tafa wa fim ɗin da ke zaginsu, sun koma gida direba ya buɗe musu ƙofa.

Mun yarda da kaso mai yawa na wannan. Labarin na da gurare masu rauni, musamman saƙon da uban ke aikowa ta hanyar kunna fitila da kashe ta, wanda ɗansa ya hango daga kan dutse ya karanta doguwar wasiƙa a ciki. Jinin da aka zubar a ƙarshe ma ya zo da gaggawa, kamar mai labarin ya ga lokaci na ƙurewa. Batun cewa shi ne fim mafi kyau a duniya kuwa ba mu da ma'aunin auna shi, mu ba malaman fim ba ne, kuma kyauta ra'ayin masu zaɓe ce, ba wahayi ba. Da a nan aka tsaya, da Ma'aji ya ci musu.

Amma akwai wani dattijo a cikinmu da ya shekara sama da 20 yana tuƙi a gidajen manya tsakanin Ikoyi da Victoria Island kafin ido ya sa ya ajiye. Duk hayaniyar nan bai ce uffan ba. Sai da Shugaba ya ce, "Baba, ba ka ce komai ba," sannan ya gyara zama. Ya ce, "Ranka ya daɗe, yaran nan suna ta maganar ƙarya da kisa. Ni wari na gani." Ya ba mu izinin rubuta abin da ya faɗa, ban da sunansa da na gidan.

Wanda ya kalla zai tuna. Ƙaramin yaron gidan ne ya fara shinshina direba, ya shinshina mai aiki, ya ce ƙamshinsu ɗaya, malamarsa ma haka. Su Kim suka fara shawarar kowa ya canza sabulu, sai budurwar ta ce ba sabulu ba ne, warin ɗakinsu na ƙasa ne, ba zai bar su ba sai sun bar shi. Daga baya, a daren nan da masu gida suka dawo ba zato, Baba Kim da 'ya'yansa biyu suka ɓuya a ƙarƙashin teburin falo. Oga Park na kwance a kujera yana hira da matarsa, yana yabon direbansa da cewa ya san iyakarsa ba ya tsallakewa, sai dai warinsa ne ke tsallakowa har kujerar baya. Ya kwatanta shi da tsumman da aka dafa, da irin warin masu shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa. Uba na kwance a ƙasa, 'ya'yansa na gefensa suna ji, ya ja wuyan rigarsa a hankali ya shinshina.

Baba ya ce a nan ne ya daina ganin ɗan Koriya, kansa ya gani. Ya ce ya taɓa yi wa wata Madam tuƙi shekara 6. Ba ta taɓa zaginsa ba, albashi ba ya latti, da Sallah har shadda take ba shi. Amma duk ranar da za ta shiga mota sai ta sa yarinyar gida ta fesa turare a kujerarsa, yana tsaye yana kallo. Shi kuwa mutum ne mai alwala sau biyar, mai wanka safe da yamma. Abin da take ji warin ɗakin da yake kwana ne su shida, da danshin damina da ba ya barin kaya su bushe, da danfo biyu da yake shiga kafin ya iso. Ya ce da zaginsa ta yi da ya fi masa sauƙi, don zagi ana ramawa ko a yi haƙuri a samu lada. Wannan kuwa ba ka da abin cewa, don ita ba ta ma san ta yi maka komai ba. Ofis ya yi tsit. Mu da muka san adadin direbobi da masu gadi da ke cikin rajistarmu mun san ba shi kaɗai yake magana ba.

Da wannan ido muka sake duba ƙarshen da Ma'aji ya ce ba shi da dalili. Budurwar na kwance jini na zuba, ubanta na danne ciwon da hannu. Oga Park na yi masa ihu ya tashi ya ja mota a kai yaronsa da ya suma asibiti, bai ko dubi wadda ke mutuwa ba. Da aka jefa masa makulli ya faɗa ƙarƙashin mutumin nan na ɗakin ƙasa, ya sunkuya zai ɗauka, wari ya buge shi, ya toshe hanci ya kau da kai. Wannan toshe hancin ne ya kashe shi. Ba mu ce daidai ba ne, kisan kai haramun ne ko a Seoul ko a Agege, kuma fim ɗin bai saka wa Baba Kim da alheri ba, kabari ya shiga da ransa. Abin da muke cewa shi ne mai fim ɗin ya san wani abu da duk wanda ya yi aiki a ƙarƙashin wani ya sani: mutum na jure yunwa shekara da shekaru, amma raini taruwa yake yi.

Abu na biyu da ya sa muka ce yabon gwani ya zama dole shi ne ruwan sama. A daren da asiri ya kusa tonuwa, su Kim suka sulale daga gidan tudu suka nufi gida a ƙafa. Tun daga nan gangara suke yi, matakala bayan matakala, ruwa na bin su. Suka tarar unguwarsu ta nutse, ruwan kwata ya cika ɗaki har ƙirji, masai na aman baƙin ruwa. Suka kwana a zauren wasanni tare da ɗaruruwan irinsu. Da safe Madam ta kira a zo aiki, tana bayan mota tana waya tana murna wai ruwan jiya ya wanke gari, sama ta yi garau, biki zai yi kyau. Can sai ta yamutsa fuska ta sauke gilashi.

Wannan ba ƙirƙira ba ce. Irin waɗannan ɗakuna ana kiransu banjiha a Koriya. Asalinsu tun 1970 ne, lokacin da gwamnati ta sa a riƙa gina ɗakin ƙasa a gidaje don mafaka saboda fargabar yaƙi da Koriya ta Arewa. Da birni ya cika haya ta yi tsada, sai talakawa suka koma ciki da zama. A ranar 8 ga Agusta, 2022, shekara 3 bayan fitowar fim ɗin, mamakon ruwa ya sauka a Seoul, mutum 3 'yan gida ɗaya suka mutu a cikin irin wannan ɗaki, har da yarinya 'yar shekara 13, ruwa ya hana su fita. Bayan nan ne hukumar birnin ta ce za ta daina ba da izinin zama a irinsu, ta kuma kawar da su sannu a hankali. Mu a Legas ba ma buƙatar fassara a nan. Gaskiya ne ruwanmu ba ya tsoron mai kuɗi, yana shiga Lekki kamar yadda yake shiga ko'ina. Amma in ya shiga, Oga hawa sama yake yi ko ya tafi otal. Ɗakin da ke bakin get shi ne na farkon cika, kuma mun san wa ke kwana a ciki.

Duk da haka, ba wari ba ne kuma ba ruwa ba ne ya hana mu barci a ofishin Sakatare. Wani wuri ne da musun bai ko taɓa ba. Lokacin da tsohuwar mai aiki ta nuna mijinta, durƙusawa ta yi tana roƙon uwar gidan Kim. Ta kira ta 'yar uwa, ta ce ai dukansu mabuƙata ne, ta miƙa mata ɗan abin da ta tara, ta ce ba ta neman aikinta, a dai riƙa miƙa wa mijin abinci lokaci-lokaci. Uwar gidan Kim ta ce ita ba 'yar uwarta ba ce, ita ba mabuƙaciya ba ce, 'yan sanda za ta kira. Minti kaɗan bayan nan sauran su Kim da ke laɓe suka zame daga matakala suka faɗo, asirinsu ya tonu. Sai wadda ke roƙo ta ɗauke su bidiyo, ta sa su durƙusa hannu sama, tana barazanar tura wa Madam. Kowanne da ya samu sa'a sai ya taka ɗan uwansa. A wannan dare da kwano ɗaya na abinci da rufin asiri, da ba wanda ya mutu. Masu gidan kuwa har fim ya ƙare ba su san an yi wannan yaƙi a ƙarƙashin ƙafarsu ba. Mutumin ɗakin ƙasa ma kullum godiya yake yi wa Oga Park, yana kunna masa fitilun matakala in ya dawo daga aiki, su kuma suna zaton na'ura ce. Da ya fito da wuƙa ba kan mai gida ya nufa ba, kan 'yar talaka irinsa ya nufa. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa.

Dalilin da ya sa wannan ya tsaya mana a rai sananne ne ga 'yan kwamiti. Shekara 2 da suka wuce wani ɗan ƙungiyar nan da ya daɗe yana gadi a wani gida ya tafi gida jinyar mahaifiyarsa. Ya kawo wani yaro ɗan garinsu ya riƙe masa get na sati uku. Da ya dawo ya tarar ba shi da aiki. Yaron ya gaya wa masu gida cewa dattijon barci yake yi da dare, ya kuma yarda ya karɓi ƙasa da abin da ake biyansa. Magana ta zo gabanmu. Me muka yi? Muka ce a yi haƙuri, abinci rabo ne, muka sa suka gaisa, muka rubuta a littafi cewa an sasanta. Ba mu je gidan ba, ba mu tsawata wa yaron yadda ya kamata ba, ba mu nema wa dattijon wani wuri ba. Yau dako yake yi a kasuwar Mile 12 da furfurarsa. Yaron kuwa bai cika wata 8 ba aka kawo kamfanin tsaro, aka sallame shi. Masu gidan ba mu jin sun san sunan mahaifin ko ɗaya daga cikinsu. Hannunmu ne ya rubuta "an sasanta", kuma ranar Lahadi da muka ga matar nan a durƙushe mun ji kunyar wannan rubutu.

Wani ya ce a zauren WhatsApp abin da ya raba mu da su Kim shi ne mu muna da jama'a. Gaskiya ne, a fim ɗin ba ka ganin dangi, ba ka ganin maƙwabcin da za a je wurinsa, ba masallaci, ba ƙungiya, ba mai unguwa. Kowa tasa ta fisshe shi. Da a Agege ko Idi-Araba ne ruwa ya ci ɗakin mutum, kafin gari ya waye wani ya ba shi tabarma, wani ya kawo koko. Wannan ni'ima ce, kuma muna ganin rashinta na cikin abin da mai fim ɗin ke kuka a kai. Amma labarin da muka bayar yanzu ya nuna jama'ar ba ta tsare kanta. In aiki ya yi wuya, haya ta hau, aka hana acaba a manyan unguwanni kamar yadda aka yi a 2020 da 2022, mutum goma na neman get ɗaya, to tazarar da ke tsakaninmu da su Kim ba ta kai yadda muke zato ba.

To wane ne kaskar? Ma'aji ya ce su Kim ne, kuma ba a musa ba, sun manne wa gidan suna tsotsa. Matasa suka ce su Park ne, don ba su iya tuƙa kansu, ba su iya dafa taliya, ba su iya wanke kwano, da gumin wasu suke rayuwa. Mu a ganinmu mai fim ɗin ya ɗana wannan suna ne don kowa ya nuna wani da yatsa. Mai kuɗi ya kalla ya ce ga su nan, talaka ya kalla ya ce ga su nan. Ma'anar ba ta cikin gano kaskar. Tana cikin ginin gidan kansa: wani a sama, wani a ƙasa, wani a ƙarƙashin na ƙasa, kuma na ƙasan ba su taɓa tunanin haɗa kai ba, kokawa suke a kan wa zai tsaya kusa da matakala. Shi ya sa ƙarshen ya yi ɗaci. Saurayin ya rubuta wa ubansa cewa zai nemi kuɗi ya sayi gidan, uban ya hau matakala ya fito kawai. Aka nuna mana hakan kamar ya faru, har wasu a ofis suka fara hamdala. Sai hoto ya dawo da shi ɗakinsu na ƙasa, yana zaune da takarda a hannu, wasiƙar da ba shi da hanyar aikawa. Bayan duk abin da ya same shi, mafita ɗaya da ya iya hangowa ita ce shi ma ya zama Oga Park.

Saboda haka ga inda muka tsaya. Fim ɗin na da aibi, ba na kallo da yara ba ne, kuma ba ya ba da irin sanyin zuciyar da muka saba samu a ƙarshen fim. Wanda ya ce bai ji daɗinsa ba bai yi laifi ba. Amma ba zuzuta shi aka yi ba. Labarin da aka shirya a Seoul da harshen da ba ma ji, ya sa dattijon da ya shekara 20 yana haɗiye magana ya furta ta, ya sa kwamiti ya koma ya buɗe tsohon littafinsa, wannan ya ci kyautarsa ko da ba a ba shi Oscar ba. Ga matashin direbanmu da ke tsoron abin da su Oga za su ɗauka, muna cewa tsoronka na kan hanya, amma abin da za su ɗauka ba ya hannunmu. Abin da mu za mu ɗauka shi ne a hannunmu.

Kuma laifi tudu ne. Kafin mu gama jin haushin Madam mai fesa turare, kowa ya tambayi kansa yadda yake yi da yaron da ke ɗauko masa kaya a kasuwa, da mai kwashe shara, da almajirin da ke yi wa iyalinsa wanke-wanke a can gida, wanda aka ware wa kwanonsa daban a bakin zaure. Da yawanmu Kim ne a Legas, Park ne in mun je gida da Sallah.

Mun roƙi Shugaba, kuma ya amince, a sa abu biyu a ajandar taro mai zuwa. Na farko, ƙa'ida a rubuce cewa duk wanda aka ba riƙon aikin ɗan uwa amana ce, in ya ci ta ƙungiya ba za ta sake tsaya masa a ko'ina ba. Na biyu, a sake buɗe maganar dattijon nan na Mile 12, a ga abin da za a iya yi masa tun da sauran ƙarfinsa. Duk wanda ya san gidan da ke neman maigadi mai amana ya tuntuɓi ofis. Ma'aji ya ce har yanzu yana nan a kan bakansa game da fim ɗin, amma shi zai fara sa hannu a aljihu, Allah Ya saka masa da alheri.

Wanda yake da wani ra'ayi ya ajiye a ƙasa cikin ladabi, ban da zagi, ban da ambaton sunan kowa. Allah Ya rufa mana asiri, Ya ba mu abinci na halal, Ya tsare mu da raina mutum da kuma cin amanar ɗan uwa. Amin.

Sakataren Ƙungiya,
a madadin Kwamitin Gudanarwa.